Guguwar Rana: Dalilin da Ya Sa Ba a Sanin Ƙarfinta Sai Tana Dab da Isowa

Ranar Alhamis 9 ga Mayun 2024, cibiyar hasashen yanayin sararin samaniya ta hukumar NOAA da ke birnin Boulder a jihar Kolorado ta Amurka ta fitar da wani gargaɗi da rabonta da fitar da irinsa tun Janairun 2005. Ta ce a zauna cikin shiri, guguwar maganaɗisu mai ƙarfin mataki na G4 na iya afka wa duniya daga ranar Juma'a zuwa ƙarshen mako. Ba shaci-faɗi ma'aikatan cibiyar suka yi ba. Kwanaki suka yi suna zuba ido kan wani ƙaton tabo a fuskar rana mai lamba AR3664, wanda faɗinsa ya ninka na duniya kusan sau 16. Daga ranar Laraba tabon ya shiga aman wuta, yana cillo dunƙulen iskar gas mai caji ɗaya bayan ɗaya, kuma aƙalla biyar daga ciki sun nufo duniya.

An ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. A wannan karon rabin maganar ne ya tabbata. Tun Laraba an san abu na tafe, an ma ƙiyasta ranar isowarsa, amma babu wanda ya iya bugun ƙirji ya faɗi ainihin ƙarfinsa. Da ƙarfe 11:54 na daren Juma'a agogon Najeriya, guguwar ta zarce abin da aka yi hasashe ta kai G5, wato matakin ƙoli, wanda rabon da a gan shi tun Oktoban 2003.

A jihohin noma na tsakiyar Amurka, motocin tarakta masu bin GPS wajen jera shuka suka riƙa kauce wa layi, manoma da dama suka ajiye aiki a tsakiyar lokacin shuka. A ƙasar New Zealand, kamfanin Transpower mai kula da manyan layukan lantarki ya cire wasu layuka daga aiki don kare na'urorinsa. Hasken aurora mai launin ja da kore, wanda a al'ada sai ƙasashen da ke kusa da ƙarshen arewa da na kudancin duniya ake ganinsa, ya gangaro har Filorida da Meziko. Mafi yawan hotunan da suka cika shafukan sada zumunta a daren da waya aka ɗauke su, domin kyamarar da aka saita ta a yanayin ɗaukar dare tana tara haske na daƙiƙu, ta fito da launin da ido bai gani sosai ba.

Me ya sa masana da ke da taurarin ɗan'adam da manyan kwamfutoci suke iya ganin guguwa tun saura kwana biyu, amma ba sa sanin ƙarfinta sai saura ƙasa da awa ɗaya? Amsar tana cikin wata lamba guda mai suna Bz, wadda duk mai waya da data zai iya kallonta kai tsaye kyauta.

Iskar da ba ta tsayawa

Rana ba haske da zafi kawai take aikowa ba. Dare da rana tana fesar da ƙananan ƙwayoyi masu cajin lantarki, akasari furoton da ilekturon, zuwa kowane ɓangare na sararin samaniya. Wannan shi ake kira iskar rana. Masani Eugene Parker ne ya yi lissafin samuwarta a 1958, lokacin da wasu manyan masana suka ƙi yarda da shi, sai ga kumbon Mariner 2 ya tabbatar da maganarsa a 1962 a hanyarsa ta zuwa duniyar Zahra. A rana irin ta yau da kullum iskar tana gudun kusan kilomita 400 a daƙiƙa ɗaya, kuma duniya ba ta jin komai, saboda tana da garkuwar maganaɗisu da ke karkatar da iskar ta wuce ta gefe kamar yadda ruwan rafi ke zagaye dutse.

Matsala tana zuwa ne idan rana ta yi amai. Abubuwa biyu ne mutane kan haɗa su wuri ɗaya alhali sun bambanta. Na farko shi ne walƙiyar rana, wato tartsatsin haske mai ƙarfi da ke isowa duniya cikin minti 8 da ɗoriya. Ita babu gargaɗi a kanta, domin lokacin da aka gan ta, ta riga ta iso. Na biyu shi ne dunƙulen iskar gas da maganaɗisu mai nauyin biliyoyin tan da rana ke cillowa, wanda masana ke taƙaita sunansa da CME. Shi tafiya yake yi a hankali idan aka kwatanta da haske: yakan ɗauki kwana biyu zuwa huɗu kafin ya cinye tazarar kilomita miliyan 150 da ke tsakanin rana da duniya, mafi saurinsu kuma ƙasa da kwana ɗaya. Manyan guguwowin maganaɗisu daga gare shi suke fitowa. Akwai kuma ƙanana da matsakaita da ke zuwa daga wasu gurabe a saman rana masu fitar da iska mai sauri, waɗanda kan maimaitu duk bayan kwana 27 saboda juyawar ranar, don haka su ba su da wuyar hasashe.

Hangen hadari daga nesa

Matakin farko na hasashe shi ne gani. Tauraron SOHO, na haɗin gwiwar hukumar sararin samaniyar Turai da NASA, wanda aka harba a Disamban 1995, yana ɗauke da kyamarar da ke rufe fuskar rana da wani faifai, kamar yadda mutum ke kare ido da tafin hannu, domin a ga abin da ke tasowa daga gefenta. Idan dunƙulen ya bayyana ta gefe ɗaya, wani wuri ya nufa. Idan ya bayyana kamar zobe yana faɗaɗa ya zagaye faifan, to ko dai ya nufo duniya ne ko ya ba ta baya, sai a duba ko akwai tabon da ya yi amai a fuskar da ke kallon duniya.

Daga hotunan ake ƙiyasta saurinsa da faɗinsa da inda ya dosa, a zuba su cikin wani tsarin lissafi na kwamfuta mai suna WSA-Enlil, wanda NOAA ke aiki da shi tun 2011. Tsarin yana kwaikwayon tafiyar dunƙulen ya faɗi lokacin da ake sa ran isowarsa. Sai dai kuskuren awa 10 zuwa 12, gaba ko baya, abu ne da aka saba gani. Dunƙulen yana rage gudu idan ya kutsa cikin iska mai tafiyar hawainiya, wani kuma yana cim ma na gabansa su haɗe, kamar yadda ya faru a Mayun 2024.

Duk wanda ya taɓa ganin hadari ya haɗo daga gabas ya yi baƙi ƙirin, mutane suka kwashe shanya, daga ƙarshe ya tashi da iska da ƙura kawai ba tare da ɗigon ruwa ba, ya san irin halin da masu wannan aiki suke ciki. Girman dunƙule da saurinsa alama ce. Abin da ke yanke hukunci yana ɓoye a cikinsa.

Bz: kudu ko arewa

Kowane dunƙule yana tafe da nasa maganaɗisun, kuma maganaɗisu yana da inda yake fuskanta. A gefen duniya da ke kallon rana, layukan garkuwar duniya arewa suke fuskanta. Idan maganaɗisun da ke cikin dunƙulen shi ma arewa ya fuskanta, biyun ba sa haɗuwa. Dunƙulen zai matse garkuwar, ya girgiza ta, amma mafi yawan ƙarfinsa zai wuce. Idan kuwa kudu ya fuskanta, layukan biyu sai su tsinke su ɗaure da juna, ƙofa ta buɗe, ƙarfin iskar rana ya kwararo cikin garkuwar. Masanin Birtaniya James Dungey ne ya bayyana wannan a 1961, kuma har yau a kansa fannin ya tsaya.

Bz shi ne ma'aunin wannan fuskanta, ana ƙirga shi da nanotesila. Idan lambar tana sama da sifili, arewa ke nan, ƙofa a rufe. Idan ta faɗi ƙasa da sifili, kudu ke nan. A ranar da babu komai, duka ƙarfin maganaɗisun iskar rana bai wuce nanotesila 5 ko 6 ba, kuma Bz yana ta lilo tsakanin sama da ƙasa. A ranar 10 ga Mayun 2024 ƙarfin ya haura 70, Bz ya gangara kusan -50, gudun iskar kuma ya wuce kilomita 700 a daƙiƙa. Tsawon lokaci ma yana da muhimmanci ƙwarai. Bz da ya leƙa kudu na minti biyar ya dawo ba ya haifar da abin a zo a gani; wanda ya zauna a -20 na tsawon awanni shi ne abin tsoro.

A nan gizo ke saƙar: babu kyamarar da ke iya ganin Bz daga nesa. Hoton SOHO yana nuna dunƙulen, ba ya nuna inda maganaɗisunsa ya fuskanta. Masana kan duba tsarin maganaɗisun tabon da ya yi aman su yi hasashe, amma dunƙulen yana murɗewa yana juyawa a hanya, ga kuma batun ta wane ɓangarensa zai bugi duniya, tsakiya ko gefe. Hanya ɗaya tabbatacciya ita ce a sa na'urar awo a kan hanyarsa ya bi ta kanta.

Masu gadi a kilomita miliyan 1.5

Akwai wani wuri tsakanin duniya da rana, kimanin kilomita miliyan 1.5 daga duniya, inda tauraron ɗan'adam zai iya zagaya rana kafaɗa da kafaɗa da duniya ba tare da ƙona mai da yawa ba. Sunansa L1. A can SOHO yake, a can ACE yake tun bayan harba shi a 1997, a can DSCOVR ya je a 2015. Indiya ma ta kai nata tauraron, Aditya-L1, a Janairun 2024. ACE da DSCOVR su ne suka daɗe suna aikin gadi: suna auna gudun iskar rana, da cunkoson ƙwayoyinta, da zafinta, da maganaɗisunta, su turo duniya nan take.

Lissafin mai sauƙi ne. Kilomita miliyan 1.5 kashi ɗaya ne kacal cikin ɗari na tazarar rana da duniya. Iska mai gudun kilomita 400 a daƙiƙa za ta cinye shi cikin kusan awa ɗaya. Mai gudun 800, rabin awa. Mai gudun 2,000, ƙasa da minti 15. Wato gwargwadon haɗarin guguwa, gwargwadon ƙarancin lokacin gargaɗinta. A Satumban 1859, lokacin da Richard Carrington ya ga walƙiya a fuskar rana ta madubin hangen nesansa a Ingila, dunƙulen da ya biyo baya ya iso cikin kusan awa 17 da rabi, ya sa wayoyin tangaraho suna tartsatsi a Turai da Amurka. Da irinsa zai dawo yau, masu gadin L1 mintuna ƙalilan za su bayar.

Daga waɗannan lambobi ake fitar da hasashen ma'aunai biyu da mai bibiyar fannin zai riƙa cin karo da su. Kp, wanda Bajamushe Julius Bartels ya ƙirƙiro a 1949, yana tafiya daga 0 zuwa 9, ana fitar da shi duk bayan awa uku daga tashoshin awo 13, kuma cibiyar GFZ da ke Potsdam a Jamus ce ke riƙe da shi. Matakan G daga gare shi suka samo asali: Kp 5 shi ne G1, Kp 9 shi ne G5. Na biyu shi ne Dst, wanda ake haɗawa a Kyoto ta Japan daga tashoshi huɗu, ɗaya daga cikinsu a garin Hermanus na Afirka ta Kudu. Shi yana nuna yadda guguwa ta rage ƙarfin maganaɗisun duniya. Idan ya sauka ƙasa da -100, guguwa ce babba. A Mayun 2024 ya wuce -400. A Maris na 1989 ya kai -589.

Tun 1975 wasu masana uku, Burton da McPherron da Russell, suka nuna cewa da gudun iska da Bz za a iya lissafa yadda Dst zai sauka da yadda zai farfaɗo. Yanzu ƙirƙirarriyar basira ta shigo. A 2023 NASA ta sanar da wani tsari mai suna DAGGER, wanda aka horar da bayanan iskar rana da na tashoshin ƙasa, yana hasashen inda girgizar maganaɗisu za ta fi tsanani a faɗin duniya minti 30 kafin ta faru. Ci gaba ne na gaske, amma ya kamata a lura da wannan minti 30 ɗin. Tsarin daga L1 yake samun abincinsa, don haka ba zai iya hangen abin da bai iso L1 ba tukuna, komai wayonsa.

Me rabin awa zai tsinana?

Ga kamfanin lantarki, abu mai yawa. Idan maganaɗisun duniya yana sauyawa da sauri, yana haifar da wata wutar lantarki a cikin ƙasa da cikin duk wani dogon ƙarfe, ta shiga manyan layukan wuta ta kutsa cikin taransifoma, ta sa ta zafi da rikicewa. Da asubahin 13 ga Maris na 1989, tsarin wutar lardin Kibek na Kanada ya durƙushe cikin kusan daƙiƙa 90, mutum miliyan 6 suka zauna babu wuta na tsawon awa 9 cikin sanyi. A guguwar Oktoban 2003 wuta ta ɗauke a wani sashe na birnin Malmö na Suwidin, kuma an samu lalacewar manyan taransifomomi a Afirka ta Kudu, ƙasar da ake ganin ta yi nisa da irin wannan haɗari. Da gargaɗin kwana biyu, kamfani zai ɗage gyare-gyare ya tanadi ma'aikata. Da na rabin awa, zai rage lodi ya cire layukan da suka fi rauni. Babbar taransifoma idan ta ƙone ba a kasuwa ake zuwa a sayo wata ba. Ƙera ta kan ɗauki watanni da yawa.

Taurarin ɗan'adam na ƙasa-ƙasa kuwa wata matsalar ce ke damunsu. Guguwa tana ɗumama iskar can sama ta kumbura, sai tauraro ya ji kamar yana tafiya cikin ruwa. Ranar 3 ga Fabrairun 2022 kamfanin SpaceX ya harba taurarin Starlink 49 zuwa wani zagaye mai tsayin kusan kilomita 210 a wurinsa mafi ƙasa, da niyyar su hau sama daga baya. Guguwar da ta same su ƙarama ce, ta matakin G1, amma 38 daga cikinsu suka kasa hawa, suka dawo suka ƙone. Bayan shekara guda Najeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da Starlink ya fara aiki a cikinta, don haka abin da ke taɓa waɗannan taurari yana taɓa intanet ɗin wasu gidaje da ofisoshi a Kano da Abuja.

Wayar hannu fa?

Saƙon nan da ya shekara da shekaru yana yawo a WhatsApp, mai cewa a kashe waya da tsakar dare a nisanta ta da jiki saboda wasu haskoki masu haɗari za su wuce kusa da duniya, ƙarya ce tsagwaronta. Guguwar maganaɗisu tana buƙatar waya mai tsawon ɗaruruwan kilomita kafin ta tara wutar da za ta yi ɓarna. Wayar da ke aljihu ba ta kai tsawon tafin hannu biyu ba. Manhajar duba alƙibla ma ba ta da abin damuwa. Ƙarfin maganaɗisun duniya a Najeriya ya haura nanotesila 30,000, guguwar da ta fi kowace ƙarfi cikin shekara 20 kuma kusan 400 ta taɓa. Ƙarfen gado ko lasifikar da ke kusa sun fi ta rikita kamfas ɗin waya.

Abin da guguwa ke taɓawa shi ne ayyukan da wayar ta dogara da su. Saƙon GPS yana ratsa wani sashe na sama mai cike da ƙwayoyi masu caji, ayonosfiya, kuma idan sashen ya rikice saƙon yana jinkiri ko ya yanke. Ga mai neman hanya a taswira, kuskuren 'yan mitoci ne da wuya ya lura. Ga mai safiyon fili, ko mai tuƙa jirgi maras matuƙi, ko jirgin sama mai sauka, magana ce babba. Wayoyi masu karɓar saƙon GPS ta mita biyu, waɗanda Xiaomi Mi 8 ta buɗe wa hanya a 2018, suna iya cire yawancin wannan kuskure ta hanyar kwatanta saƙonnin biyu. Masu sauraren sashen Hausa na gidajen rediyon ƙetare a gajeren zango su ma a wannan sashe na sama muryar ke karo ta dawo musu, kuma walƙiyar rana mai ƙarfi tana iya ɗauke ta ɗif na mintuna ko fiye da awa a gefen duniyar da rana ke haskawa.

Najeriya tana da nata matsayin na daban a wannan batu. Layin da ya raba maganaɗisun duniya gida biyu ya ratsa Afirka ta Yamma ta wajen digiri 10 na arewa, wato ta saman arewacin ƙasar. A kan layin akwai wata igiyar lantarki da ke gudana a sama da rana, wadda masanin Najeriya Cyril Onwumechili ya yi suna a duniya wajen nazarinta. A wannan yanki ayonosfiya kan yi kumfa bayan faɗuwar rana ko da babu guguwa, ta sa saƙon GPS yana rawa, guguwa kuma tana iya tsananta abin ko ta danne shi, ya danganta da lokacin da ta iso. Cibiyar binciken sararin sama ta hukumar NASRDA da ke Anyigba a jihar Kogi tana bibiyar wannan, yayin da cibiyar hasashe ta Hermanus ta koma aiki ba dare ba rana tun 2022.

Mai son gani da idonsa zai iya buɗe shafin cibiyar ta NOAA ko manhajar SpaceWeatherLive ya nemi jadawalin iskar rana. Abin dubawa uku ne: gudu, da jimillar ƙarfin maganaɗisu mai alamar Bt, da Bz. Idan gudu da Bt suka yi tsalle lokaci guda, dunƙule ya iso L1. Daga nan sai a zuba wa Bz ido. Kp yana zuwa ne a makare tunda na awa uku ne. Shi labarin abin da ya riga ya faru yake bayarwa.

Su kansu masu gadin sun tsufa. An ƙera ACE da burin ya yi shekara biyar, ga shi ya haura 25. A Satumban 2025 aka harba SWFO-L1, tauraron NOAA da aka gina musamman don wannan gadi. Hukumar sararin samaniyar Turai kuma tana shirya wani mai suna Vigil, da ake sa ran harbawa a 2031 zuwa wani wuri mai suna L5, inda zai riƙa kallon hanyar da ke tsakanin rana da duniya daga gefe, ya kuma ga tabon rana kwanaki kafin ya juyo ya fuskanci duniya. Wannan zai rage kuskuren lokacin isowa. Bz na dunƙulen da ya nufo duniya kuwa ba ta gaban Vigil zai bi ba, don haka awonsa zai ci gaba da jiran L1.